Gammon Baba Nomau

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga mai sunan mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ka Maradi lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mota da sharrin mutumin da zai yi maka dariya alhali ba ya ƙaunarka. Kakarka Inna na gaishe ka, da mahaifiyarka, da ƙannenka duka. Na cusa takardar nan a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da Gidan Rumji.

Ka san yadda muke. Kai ne na fari, ban taɓa kiran sunanka ba. Inna ce ta raine ka a sashenta, in mun haɗu a zaure kai ka sunkuya, ni in dubi katanga kamar an rubuta wani abu a jikinta. Garin nan kowa ya san Idi Barkono ba ya haɗiye magana, amma shekara goma sha uku ban faɗa maka abin da ya wuce "kai, miƙo buta" ba. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Za ka sauka gidan Hadiza, ɗiyar Baba Nomau, can za ka ci, can za ka kwana har ka gama babbar lakol, makarantar boko ta gaba. Kai ka san Baba Nomau a matsayin tsohon da ke kawo wa Inna wake daga Cadakori. Ina so ka san abin da na yi masa kafin ka sa hannu a akushin ɗiyarsa.

Ni ban shiga lakol ba. Wani direban kamfani ne ya nuna mini baƙaƙen nasara da yatsa a ƙurar jikin motarsa, sauran na tsinta a kwalin sabulu da buhun sukari. Ranar da na iya haɗa sunana na ɗauka na fi duk wanda ke ɗaukar kaya a kantinmu, mu shida. Baba Nomau shi ne babbanmu, shi ke riƙe da mabuɗin mangaza, ɗakin da muke ajiye kaya, shi ke ɗinke buhun da ya fashe da basillarsa. Ya fara aiki wurin nan tun ana kawo gishiri a kan raƙuma. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma in ya shiga mangaza ya shaƙi iska sai ya gaya maka buhun da ruwa ya taɓa, kuma in ka ɗaga ka ga haka ne.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, na yi rawa har takalmina ya tsinke. Na zaci daga ranar buhu zai rage nauyi. Sai ga shi kamfani ya fara tangal-tangal. Nasaran da ke sayen kayan gwangwani sun kwashe sun tafi, jakuna na shigo da atamfa da kananzir daga wajen Jibiya da araha, mutanenmu suka koma can. Muka ji an rufe kantin Gazawa, na Agye an bar shi da mutum biyu. Mu namu ba a rufe ba. Takarda aka aiko.

Mushe Alasan, wato Malam Alasan da Faransanci, wanda kamfani ya ɗora a kan kantin, ya manna ta a ƙofa ranar kasuwa, ya koma bayan teburinsa. Na ture mutane na tsaya gabanta. Faransancin ya fi ƙarfina, amma sunaye da ranaku na iya su. Kowane mutum kwana uku a mako, albashi rabi, uku su zo yau, uku su zo gobe. Na karanta da muryar mai shela, ina tsayawa bayan kowane suna in ƙara da nawa zagin, mata masu sayen sabulu na ji, mahautan bakin hanya na ji. Baba Nomau, mutumin da ya yi shekarun haihuwata yana aikin nan, a bakina ya ji an raba shi biyu, gaban surukinsa da ya zo sayen gishiri.

Da na gama ya ce, "Mun ji, Barkono. Da ka ja mu bayan mangaza ma da mun ji."

Ban gane ba a lokacin, na ɗauka godiya ce. To kai za ka iya karatun da ya fi nawa sau goma, mutane za su riƙa miƙo maka takarda suna kallon bakinka. Ka fara karantawa a zuci. In abin da ke ciki mai zafi ne, ka ja mai ita gefe, ka zauna ƙasa, ka sassauta murya. Ba a kanka labarin yake ba.

An rage mana kwanaki, ba a rage wa motar Maradi buhu ko ɗaya ba. Jajibirin kasuwa take zuwa, kamar kullum. Ga yadda muke sauke ta: mutum ɗaya a sama yana ɗora wa na ƙasa, na ƙasa ya sa gammo a ka, ya karɓa, ya kai mangaza, ya dawo. Da muna shida, kana kai buhu ka samu numfashi kafin layi ya zagayo. Yanzu mu uku ne ranar mota, ni da Garba da Sanda. Ɗaya a sama, biyu a ƙasa, daga hantsi har la'asar, direba na danna ƙaho wai yana da Tibiri a gaba. Bayan haka mu share, mu auna kananzir, mu jera kaya, aikin da a da mutum uku daban ke yi. Wuyana ya kumbura har mahaifiyarka na gasa mini da tsumma.

Ranar mota ba ta cikin kwanakin Baba Nomau. Amma mako na uku sai ga shi da goronsa, wai gaisuwa ya zo. Ya zauna bakin mangaza kaɗan, sai ya ce, "Garba, tahi ciki ka ɗinke mini buhunan can, idona ya fara gajiya da ramin basilla." Garba ya shiga. Tsohon ya ɗauki gammon Garba ya ɗora a kansa ya shiga layi. Haka ya yi makon, haka ya yi na gaba, haka na gaban wancan. Ba a biya shi ko goro. Mushe Alasan buhu yake kallo yana shiga, ba ya kallon kan da ke ƙarƙashi.

Ni kuwa jinina tafasa yake. Ina cewa, in mota ta kwana biyu ba a sauke ta ba, dole kamfani ya mayar mana da kwanakinmu, ga wannan tsoho yana nuna musu cewa komai na tafiya daidai. Wata rana ina saman mota ina ɗora masa gishiri, na ce da ƙarfi yadda direba zai ji, "Jakin kamfani ya zo. Shi jaki ko ƙaiƙayi ana ba shi, kai fa Baba?"

Sanda ya ce, "Idi, ka ji tsoron Allah."

Baba Nomau ya gyara buhun a kansa ya ɗaga ido ya ce, "Jakin ya gode. Ɗora daidai, wanga ya karkace hagu." Ya wuce. Ka ga mutum mai furfura, yana taka katakon ƙofa, bayansa a miƙe kamar an dasa shi. Har yau ban ga wanda ke tafiya da buhu kamarsa ba, ba ya sauri, ba ya tsayawa.

Za ka haɗu da irinsa a Maradi, mutumin da ke yin abin da kai a ganinka wauta ne ko tsoro. Kada ka raɗa masa suna. Sunan da ka jefa a gaban mutane ba ka iya ɗauko shi. Yaran tasha sun yi wata biyu suna kiran Baba Nomau jakin kamfani, ni na jawo. Ka tambaye shi dalili, kai da shi. In bai gaya maka ba, ka san akwai dalilin da ya fi ƙarfin tambayarka.

Dalilin na gan shi da idona. Wata rana na zaga bayan mangaza zan yi alwala, na iske Garba ya jingina da katanga, gumi na zuba, yana ɗaure mararsa da tsumman rawani. Ƙaba ce, ciwon masu ɗaukar kaya. Tun makon farko na sabon tsarin ta sauko masa. Ga 'ya'ya biyar, ga gonarsa da ba ta kai shi rani. In kamfani ya ji, a wannan lokacin da yake neman wanda zai sallama, Garba ne na farko. Abin da tsohon ke rufewa da kansa ke nan.

Baba Nomau ya ga na gani. Ya bi ni har bakin rijiya ya ce, "Barkono, abin da ka gani, bar shi inda ka gan shi."

Na ce, "Baba, ai wannan ita ce hujjarmu. Aikinsu ne ya karya shi."

Ya ce, "Gaskiya ne. Amma cikin Garba ne, ba naka ba."

Nan ne babban laifina, ka karanta a hankali. Na sayi takarda da ambulan, na zauna ƙarƙashin ɗorawar da ke bayan gidanmu, na rubuta wa buron kamfani, ofishinsu na Maradi, da Hausa, na san akwai mai juya musu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce mutum uku na yin aikin shida. Na ce wani tsoho mai suna Nomau na ɗaukar kaya kyauta ranar da ba tasa ba. Na ce Garba ya samu ƙaba saboda nauyi, ba ya iya ɗaga ko rabin buhu. Na karanta ta sau uku ina jin daɗin kaina, ina cewa yau za su san akwai mai alƙalami a Gidan Rumji. Ban nuna wa Garba ba. Ban nuna wa tsohon ba. Na ba direba a hannu.

Kwana goma sai ga babban komi, wato akawu, daga buro, mutuminmu ne, baƙi kamarmu, da takalmi mai ƙara. Ya tara mu shida a cikin kanti, ya zaro takardata. Ya tsallake zancen mutum uku da aikin shida kamar ba a rubuta ba. Ya ce, "Wane ne Garba?" Sannan ya karanta ciwon mutum a gaban abokan aikinsa da Mushe Alasan, da kalmomina, da yadda na jera su. Ya nuna buhun gishiri ya ce Garba ya ɗaga a gani. Garba ya duƙa ya kama kunnen buhun. Bai ɗaga ba. Bai dube ni ba, da ma ya dube ni.

Komin ya ce kamfani ba asibiti ba ne, mai dako da ba ya dako sai ya tafi gida.

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, Baba Nomau ya dafa kafaɗata, hannunsa kamar dutsen niƙa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni magana guda." Ya ce shi ya tsufa, gonarsa ta Cadakori na kiransa. Ya ce mangaza ba ta son ƙarfi, hanci take so da haƙuri, kuma wata biyu ke nan Garba ne ke ɗinki da jera kaya, a shiga a duba in an ga ɓaraka. Ya ciro mabuɗin daga wuyansa, da basillar, ya ajiye a kan tebur wajen Garba. Ya ce, "In mutum guda kuke son ragewa, ga shi na rage muku."

Komin ya shiga mangaza ya duba, ya fito bai ga ɓaraka ba. Sai tsohon ya ƙara, kamar abin ya faɗo masa ne yanzu, "Kuma da za a tara yaran nan huɗu ranar mota, a sassauta su ranar da ba kowa, da direbanku ya riƙa isa Tibiri da rana. Kwanakin ba su ƙaru ba, wuri kawai suka sake." Komin ya rubuta. Tsarin da muke kai ke nan har yau. Abin da takardata mai shafi biyu ba ta samo ba, shi ya samo rabinsa da magana uku, a ranar da yake barin aikin da ya ci ƙuruciyarsa.

Da zai fita ya miƙo mini gammonsa, tsohon tsumma ne da ya naɗe shekara da shekaru har ya yi tauri kamar fata. Ya ce, "Naka ya yi laushi, shi ya sa wuyanka ke kumburi." Ko kalma ɗaya bai ce a kan takardar ba, ranar ko bayanta.

Kada ka fahimce ni a karkace. Har gobe ina cewa kamfani ya zalunce mu, kuma in an sake manna takarda a ƙofa zan yi magana, ba zan mutu da ita a ciki ba. Ba ina ce maka ka zama mai sunkuyar da kai ba. In an danne ka, ka faɗa. In an danne na kusa da kai, ka tsaya masa. Amma ka kai ƙara da wuyanka, kada ka kai da cikin wani. Duk ranar da za ka sa sunan mutum a takarda, ka je ka karanta masa tukuna, tun daga farko har ƙarshe, kana kallon fuskarsa. In ya ce cire, ka cire, ko da wurin ne ya fi daɗi. Kuma ka san wanda kake aika wa: mai neman rage mutum, duk abin da ka rubuta masa sunan wanda zai rage yake nema a ciki.

Saura laifi ɗaya, shi ne mafi daɗewa. Damina biyu ke nan ina zuwa Cadakori ranakun da ba ni da aiki, in kama masa noma. Na yi masa huɗa, na yi masa maimai, na ɗaure masa dammunan gero. Bakin nan da bai bar kowa ba a Gidan Rumji, ya kasa cewa "Baba, ka yafe mini." Sai in ɗauki hauya in ce ta faɗa a madadina. Kada ka gado ni a nan. Ranar da ka yi laifi ita ce ranar da maganar ta fi sauƙi, kowace safiya ƙara nauyi take. Kuma duk da haka, da ya ji sunanka ya fito cikin masu tafiya Maradi, shi ya tako har zaurenmu ya ce wa Inna, "Yaron ba shi kwana gidan baƙi, ɗiyata na can."

Nan na ajiye alƙalami shekaranjiya. Da na duba sai na ga na sake cika takarda da sunayen mutane biyu ban tambaye su ba, har da ciwon Garba. Na ce wallahi Idi ba ka da hankali.

Na fara da Garba, a mangaza. Ya saurara yana ɗinki, bai ɗago ba. Da na kai wurin ciwon na ce in ya ce in cire zan sake rubuta takardar duka. Ya ja zare da haƙori ya ce, "Maradi ma ta ji, balle ɗanka. Bar shi, ya san abin da buhu ke yi wa mutum, ya riƙe karatunsa." Sai ya ƙara, "Amma ka sa cewa ɗinkina ya fi na tsohon kyau." Na sa, ga shi.

Jiya da safe na tafi Cadakori. Na iske Baba Nomau a gindin gawo yana gyaran ƙotar hauya. Na ce na rubuta takarda, akwai sunansa. Ya ce, "Subhanallahi. Wane aiki kuma ya rage mini da za a kore ni?" Ya yi dariya har da tari, ya matsa mini a tabarma.

Na karanta masa. Wurin jakin kamfani ya gyaɗa kai ya ce buhun da gaske ya karkace. Wurin da na ce bayansa a miƙe yake ya ce, "Ƙarya kake, kwana uku nake kwance bayan kowace mota, tambayi tsohuwa." Da na zo inda na rubuta kalmomin da na kasa faɗa, sai na ɗauke ido daga takardar. Na tsaya. Ya ci gaba da fiƙe ƙota, bai taimake ni ba. Sai na ajiye takardar a ƙasa na faɗa masa da bakina.

Ya ajiye ƙotar. Sannan ya ce, "Na yafe tun kana ba direba takardar buro, don direban ya gaya mini a ranar. Jira nake in ga yaushe Barkono zai iya magana." Ya ce in cire duk yabon da na yi masa, yaro zai zaci wani waliyyi ne ke kawo wake. Na ce ai dokata ta ce in ya ce cire in cire. Ya yi tunani ya ce, "To bar shi. Amma gaya wa yaron Hadiza ba ta son a bar tuwo a akushi, kuma ya riƙa ɗebo mata ruwa tun ba ta ce ba."

To ka ji saƙonsa, kuma shi ne nawa. Ka gaishe da Hadiza da maigidanta da ladabi, ka durƙusa. Ka tsare sallarka. In ka dawo hutu, kafin ka zauna ka tafi Cadakori ka gaishe shi, ka biya mangaza ka gaishe da Garba. Ni in mun haɗu a zaure zan dubi katanga kamar kullum, kada ka damu da wannan.

Allah Ya buɗa maka karatu, Ya ba ka harshen da ya fi nawa sanyi da zuciyar da ba ta fi tawa tsoro ba. Allah Ya haɗa ka da irin Baba Nomau a duk inda ka sauka, Ya sa ka gane shi tun da wuri. Allah Ya tsare tafiyarka da zamanka, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne,
Idi, na kantin Gidan Rumji